Kwalbar Jamus ta Gwaggo

Ko zan manta komai na zamana a Omdurman ta ƙasar Sudan, ranar da kwalbar magani ta tona min asiri tana nan daram a raina.

Lokacin mulkin soja ne, ina aiki a wata masana'antar sabulu a Bahri, tsallaken kogi. Gwaggon da ta raine ni tana fama da hawan jini, kuma ta rantse ba ta shan magani sai na Jamus, mai zuwa a kwalba. Ni kuwa albashina ko murfin kwalbar ba ya saye.

Na kai kukana wurin wani mai kantin magani a kasuwar Suk al-Arabi. Ya ce, "Ɗan'uwa, da dala ake sayo shi, dalar kuma sai ta bayan fage. Ya biyo ta Alƙahira, ya sauka Bur Sudan, kowane hannu ya lasa. Garin maganin ma daga Indiya ake kai wa Turawan. Ga na Indiya, duk abu ɗaya ne."

Nan shaiɗan ya ba ni shawara. Duk wata sai in sace tsohuwar kwalbar, in cika ta da na Indiya, in kawo da labari. Yau wani alhaji ya taho da ita daga Jidda, gobe matuƙin jirgi ne ya ɓoyo ta a safa. Tsorona ɗaya, ta gane ta daina sha, jinin ya kayar da ita.

Wata Juma'a na same ta da maƙwabta suna shan gahawa. Na miƙa kwalbar ina hura hanci. Ta ɗaga ta sama ta ce, "Jama'a, ku ga ikon Allah! Ashe Jamusawa ma suna ƙunshi. Wata bakwai ke nan, kowace kwalba da shatin lallen babban yatsana."

Matan nan suka yi ta dariya har da ƙwarewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Gwaggo, kin sani kika yi shiru?"

"Halas, ya isa haka, yaro. Jini ya sauka, ƙaryarka kuma ta fi rediyo daɗi. Wa kake zato yake ajiye maka kwalbar a taga?"

Tun ranar na san lafiya ba ta karanta kwali. Na kuma san in ka ga tsohuwa ta yarda da ƙaryarka da sauri, to tausayinka take ji.