Hawaye Ba Ya Shayar da Albasa

Wata Juma'a ce a daminar 1992, bayan la'asar, na fara ganin bidiyo da idona, a gidan Baffa Sale, ƙanin mahaifinmu, a Ba'awa. Bai daɗe da dawowa daga Makka ba, da haƙorin gwal da akwatin talabijin da ƙaramin janareta mai hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, mata a gefe, mu yara a gaba muna ture-ture, har matan rugar bayan gari suka sauke ƙwaryar nono suka tsaya. Innarmu ma ta zo, don Baffa ya yi ta aiko mata, ta zauna can kusa da turmi.

Ni dai na san da me aka sayi akwatin nan. Da fadamar mahaifinmu aka saye shi. A can muke cin rani, Baba yana jan jigo, ni da ƙanwata muna buɗe wa ruwa hanya tsakanin albasa, mu ci ɗanyen tumatur da gishiri, in rana ta yi sanyi in bi yara wasan langa a kan yashi. Da Baba ya rasu, Baffa ya ce zai riƙe mana ita "kafin yara su tasa". Shekara ba ta zagayo ba ya sayar wa wani ɗan kasuwa daga Kiru. Inna ta koma surfe a gidajen mutane, ni kuma sai na zaga gari da farantin ƙosai kafin in ruga firamare in sha bulalar latti.

Fim ɗin na Indiya ne, ba mai jin yaren, amma labarin ba ya buƙatar tafinta. Wani mai gashin baki ya cinye gonar 'ya'yan ɗan'uwansa, ya kore su cikin ruwan sama. A ƙarshe ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, ya ɗaga hannuwa yana kuka, kiɗa mai sanyi yana tashi. Sai rumfa ta ɗauki shessheƙa. Matan da Inna ke yi wa surfe, waɗanda ko sau ɗaya ba su ce uffan kan fadamarmu ba, su ne ke share hawaye da gefen mayafi suna "Wayyo, bawan Allah!" Wallahi ji na yi kamar in ɗauki taɓarya in fasa gilashin akwatin. Mutumin nan bai mayar da ko taku ɗaya na gonar ba. Kuka kawai ya yi, aka sa masa kiɗa.

Baffa ya fi kowa kuka. Ya kashe janareta, ya juyo wajen Inna ya ce, "Yaya, kin ga duniya. Ko wannan an tausaya masa. Ki ce kin yafe mini, duniya da lahira." A lokacin na gane dalilin aiken. A garinmu in ka furta wannan kalma gaban shaidu, magana ta mutu. Ko wajen mai unguwa ka je, ce maka za a yi ai ka yafe. Ga shaidu cike da rumfa, kowa zuciya ta yi laushi, duk ido a kan Inna. Na san ta da kunya, na ɗauka za ta furta.

Ta miƙe ta gyara mayafi. "Alhaji, fadamar ba tawa ba ce balle in yafe, ta marayu ce. Hawaye kuma ba ya shayar da albasa. Mayar musu, sai mu zauna mu yi kukan tare." Ta kama hannun ƙanwata muka fice.

Washegari gari ya ɗauka cewa Inna ba ta da imani. Gidaje da dama suka daina ba ta surfe. Har yau abin nan na ci mini rai: mugun cikin akwati ya samu hawayensu, mace mai marayu ta samu baƙin jini.

Fadamar ba ta dawo ba, injin wani ne ke ban ruwa a cikinta yanzu. Inna ma ta riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yana na kallon irin finafinan nan a waya, in ji suna gardama wai mugun ma abin tausayi ne, wahala ce ta mai da shi haka. Ba na hana su. Sai dai in na ji, muryar Inna nake nema a tsakar gida, sannan in yi musu tambayar da na gada: kafin ya yi kukan, ya mayar da gonar?