Antin da Ta Iya Launi

Ƙarfe bakwai da rabi Anti take buɗe ɗakin gwaje-gwajenmu. Kafin ta ajiye jaka sai ta duba sanyin firiza, sannan ta goge tebura. Shekara ashirin da shida tana aikin ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma sunanta bai taɓa hawa kan wata takardar bincike ba.

Mikro-RNA muke nazari. Wasu 'yan guntayen zare ne a cikin ƙwayar halitta. Idan ƙwayar ta aika saƙon a ƙera wani furotin, su ne ke manne wa saƙon su rufe masa baki. In suka yi yawa ko suka yi kaɗan, jiki na iya rikicewa, har ta kai ga ciwon daji, wato kansa. Aikina na digiri na biyu shi ne neman alamarsu a jinin mata masu kansar mama.

Saura wata uku in gama, sakamako ya fito da kyau har Farfesan da ke duba aikina ya fara maganar bugawa a mujalla, a wani taron ɗakinmu. Da aka watse Anti ta kira ni, ta jera kwalaben ruwan jinin a gaban farar takarda. Maimakon ruwan ɗorawa na jinin da aka tace, sha ɗaya sun yi ja-ja. Ta ce jajayen ƙwayoyin jini ne suka fashe wajen ɗiba, su ma suna da nasu mikro-RNA, shi nake ta aunawa, ba na cuta ba.

Na yi kuka, na roƙe ta ta rufa min asiri.

"'Yata, ban iya dogon Turancinku ba, amma na iya launi," ta ce. "Wata rana likita zai dogara da takardar nan ya gaya wa wata mace tana da ciwo ko ba ta da shi. Share hancinki, ki kuma sauya safar hannun nan."

Ita ta raka ni wurin Farfesa, don ta san bakina mutuwa zai yi. Ita ta lallashi matan suka sake ba da jini, ta ɗiba da hannunta. Na ƙara zangon karatu ɗaya. Alamar ta ragu sosai, amma abin da ya rage na gaskiya ne.

Anti, ke ce idon ɗakin nan. Ban iya magana a cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai albarka.

Ku da ke shigowa bayanmu, in ma'aikacin ɗaki ya ce ku tsaya, ku tsaya ku saurara. In wata rana ku ne kuka ga kuskure, ku faɗa, ko da mai aikin zai yi kuka.