Ban Ce Masa Ya Tsaya Ba

Ƙarfe biyar da kwata na yammacin wata Asabar abin ya faru, a layinmu da ke bayan barikin Shadawanka. Mu uku ne a wurin: ni, da ɗana na fari mai shekara takwas, da surukina, mahaifin matata, wanda ya taso daga Gwallaga don ya ga jikokinsa. A lokacin ban daɗe da barin aikin soja ba, da muƙamin saje, na buɗe ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida. Karatuna bai yi nisa ba, amma aiki ya koya mini cewa kowane abu yana da tsarinsa, kuma oda ba a yi mata gardama. Da wannan na riƙe gidana. Idan na yi kira sau ɗaya, ba na sake na biyu. Ina alfahari da hakan, har maƙwabta kan turo mini 'ya'yansu in tsawata musu.

Wani keke na gwanjo na saya wa ɗan nawa don ya riƙa zuwa Islamiyya. Na zaɓi babba da gangan, kamar yadda muke sayen takalmi da kayan makaranta da ɗan girma don yaro ya taso ya cika su. Idan ya hau sirdi, da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Maƙwabcina mai shagon magani, mutumin kudu ne da muke barkwanci da shi, ya leƙo ya ce mini da irin Hausarsa wai Oga Saje, keken nan na uban yaro ne, ba na yaro ba. Na ce masa ya koma ya sayar da maganin ciwon kansa, ni da na horar da ƙarti ba zan kasa horar da ɗan da na haifa ba. Muka yi dariya, ya koma ciki.

Na tsara koyarwar daki-daki. Da farko zama a kan sirdi ba tare da karkacewa ba. Bayan wannan taka feda. Sai tafiya a miƙe, sai shan kwana. Birki na ajiye shi a ƙarshe, domin a lissafina wanda bai iya tafiya ba, me zai yi da tsayawa? Kafin a kai ga birki, ni ne birkinsa: ina gudu a bayansa, idan ya kai gindin mangwaron da ke gidan ƙarshe sai in ce tsaya, in cafke kariyar ɗora kaya da ke bayan keken. Sai na kafa doka guda. Ba waiwaye, ba sauke ƙafa, har sai ya ji bakina. Na yi haka ne don yaron yana da tsoro, da keken ya ɗan girgiza sai ya diro. Duk lokacin da ya diro ba da izinina ba, bulala ce a maraƙinsa. Mahaifiyarsa ta same ni a ɗaki ta roƙe ni in sassauta, ta ce yaron har a barci yana taka feda yana kuka. Na ce mata tausayin mata ne ke lalata maza. Cikin 'yan kwanaki ya daina dirowa, ni kuma na ɗauka na ci nasara.

Layinmu yana da ɗan gangare, kuma ƙarshensa kwalta ce. A ranar na riƙe keken, na ce ya hau, na tura shi, na fara bin sa. Ban yi nisa ba sai na ji sallama a bayana, muryar surukina. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a amsa wa suruki gaisuwa a guje. Na ja na tsaya, na juyo, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, na tambayi mutanen gida da ciwon ƙafarsa. A raina ina cewa yaron ya san mangwaron, zai tsaya da kansa. Ina durƙushe na ji hon, na ji ƙarar taya a kan kwalta, sannan ihun mata.

Motar a-kori-kura ce ɗauke da buhunan siminti. Ba gudu take yi sosai ba, amma nauyi bai bar ta ta tsaya ba. Tayar baya ta bi ta kan ƙafar yaron ta dama. Na isa na shaƙe wuyan rigar direban, shi kuwa yana kuka yana rantsuwa cewa ya danna hon tun daga nesa, yaron ya kalle shi ido cikin ido amma ya ci gaba da taka feda. Na ce ƙarya yake yi. Mai shagon maganin ne ya ture ni gefe, ya cire rigarsa ya ɗaure cinyar yaron, ya daka mini tsawa in nemo mota in bar faɗa. A asibiti likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙashin ya dagargaje. Suka kira ni na sa hannu, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ya farfaɗo ina tsaye a bakin ƙofa, bai gan ni ba. Abin da ya fara tambayar mahaifiyarsa shi ne ko Baba yana fushi. Ta ce a'a. Ya ce mata ya ga motar, ya so ya diro, amma bai ji na ce tsaya ba. Ya ce ya laluba birkin kamar yadda yake ganin manyan yara suna yi, yatsunsa ba su kai ba. Sannan ya roƙe ta ta gaya mini cewa bai waiwaya ba, kuma bai sauke ƙafa ba. A lokacin bai ma san abin da aka yi masa a ƙarƙashin bargon ba. Na ga abubuwa a bakin aiki waɗanda ba na faɗa wa kowa, amma ban taɓa zamewa na zauna a ƙasa a gaban mutane ba sai ranar. Washegari na nemi direban na ba shi haƙuri.

Masu zuwa jaje sun ce ƙaddara ce, kuma na yi imani da ƙaddara. Amma na san abin da hannuna ya yi. Surukina ya ɗora wa kansa laifi, ya ce da bai yi sallama ba da hakan bai faru ba, kuma har Allah ya karɓi ransa bai sake taka layinmu ba, duk da na je na faɗa masa ba shi da hannu a ciki. Matata ba ta taɓa ce mini na gaya maka ba. Yaron yanzu saurayi ne, yana tafiya da ƙafar roba, yana karatunsa. Na daina duka tun daga ranar, amma har yau idan ya shigo inda nake, a tsaye yake jira sai na ce ya zauna, ko da ƙafar tana masa ciwo. Na roƙe shi ya daina, ya ce to, gobe kuma ya sake.

Abin da na gane shi ne na juya tsarin baibai. Tsayawa ake fara koya wa yaro kafin tafiya. Keken ya zama daidai shi, ƙafafunsa biyu su taka ƙasa, yatsunsa su kama birki, a fili mai nisa da titi, da hular kwano a kansa. Kuma babban da ke kula da shi ba shi da wani aiki a lokacin, ko wane ne ya yi sallama. Mafi muni, na koya wa ɗana ya fi jin tsorona a kan motar da ke zuwa.

Ina roƙon duk uba ko uwa da ya karanta wannan, kafin ɗanka ya sake hawa keke, ka kira shi ka faɗa masa da bakinka cewa duk lokacin da ya ji tsoro ya tsaya, ba sai ya jira izinin kowa ba, kuma ba za ka dake shi ba. Sannan ka sa ɗana a addu'a.