Hoton Ƙashi a Hannun Maɗori

Shekara tara ke nan da muka kai Ilu Radiyo makwancinsa a Madarunfa, amma har yau in na ji an ce radiyo, ba akwatin labarai ke faɗo mini a rai ba, shi ne. Abokina ne tun muna 'yan makaranta a lakwal. Ni na zama mushe, wato malamin makaranta, shi ya zama mai ɗaukar hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, a gidan likita a Maradi, ya kuma riƙe aikin nan kamar gadon gidansu.

A zamaninsa a baƙar leda mai kauri ake wanke hoto. Likitoci na ce mata kilishe, Ilu kuwa sai ya miƙa wa majiyyaci ya ce, "Ga kilishinka, amma kada ka ci." Ya san halin mutanenmu sarai. Manomin Gabi ko na Sarkin Yamma da ya karye, da zarar ya ji an ambaci wuƙa, sai ya sulale ya nufi gidan maɗori. Abokan aikin Ilu kan yi faɗa, kuma da gaskiyarsu, don sun sha ganin ƙafar da aka dawo da ita ta ruɓe. Ilu bai tsaya faɗa ba. Cewa ya yi tunda can za su, to hoton ya bi su can.

Haka ya soma zuwa Gabi ranar hutunsa, wurin Baba Bawa, maɗorin da duk yankin ya sani, mutumin da ba ya salla, yana nan kan addinin kakanninsa. Na sha raka shi. Su zauna gindin rumbu, Ilu ya ɗaga ledar ga hasken rana yana nunawa da tsinke: wannan karayar taka ce, ɗora abinka, wannan ta fashe cikin gaɓa, kada ka taɓa, turo mana. Baba Bawa yakan yi tsaki ya ce hannunsa ya riga hoto gani, amma ledar dai ba ya mayarwa. Da wasu suka yi gunaguni kan zamansa da mutumin, Ilu ya ce shi ƙashi ya je gani.

Yau ledar ta soma ɓacewa. Hoto na shiga na'ura ya bi rezo, wato hanyar sadarwa, likita a Yamai ya duba ƙirjin mutumin da ke Maradi kafin ya gama sa riga. Nakan tuna Ilu yana bin direbobi a tasha da roƙo kada su naɗe masa hoton da zai tafi Katsina. Da ya ga wannan, wallahi da ya yi rawa. Amma na san shi, da ya huce zai tambaya: to, Gabi fa? Wa ya sa Baba Bawa cikin rezon?

A jikina na sami amsar. Bara babur ya kayar da ni a hanyar Ɗan Issa, gwiwar dama ta tashi aiki. An ɗauki hoto a Maradi, likitan ƙashi ya duba a na'urarsa ya ce sai an yi aiki, in ba haka ba gwiwar ta sandare ke nan har abada. Kai! Ni da nake yi wa jama'a huɗubar zuwa asibiti, ina jin wuƙa sai na sulale. Na sa aka kai ni Gabi.

Na iske Baba Bawa ya tsufa tukuf. Bai ko taɓa ƙafar ba ya ce, "Ina kilishin?"

Na ce, "Baba, yanzu ba a bayarwa, yana cikin na'ura."

Ya ce, "To, koma na'urar ta ɗora ka."

Dole na kira majo, babban malamin jinyar asibitin, ya turo hoton ta wayata. Tsohon ya sa na buɗa masa shi da yatsu, ya kawo ido kusa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Mushe, wannan ta shiga gaɓa, ba tawa ba ce. Abokinka ya hana ni, kuma har ya mutu ban ji ya janye ba." Na roƙa, na yi fushi, na tuna masa zumunci. Ko gezau. Haka na koma Maradi ina ƙunƙuni, aka yi mini aiki.

Ba a sa wa ko ɗaki guda sunan Ilu a asibitin ba, yaran da ke danna na'urorin nan ma ba su san an yi shi ba. Ban damu ba. Abin da ya bari yana bakin wani tsoho a Gabi da ya iya cewa a'a, kuma ni ne na ci moriyarsa. Ina kewar Ilu ƙwarai.

Da na warke na kai wa Baba Bawa goro. Ya ture hannuna ya ce, "Ba ni za ka gode wa ba. Ni na yi wa abokinka irin nawa roƙon, kai je ka yi masa irin naku."

Na yi. Allah Ya jiƙan Ilu, Ya haskaka kabarinsa. A durƙushe na roƙa masa, bisa gwiwar nan.