Tanti Veturia, Mai Karanta Rahoto Daga Ƙasa

Ƙarfe bakwai saura kwata Tanti Veturia Pârvu ke sauka daga taragon lantarki, ta gangaro ofishinmu da ke ƙarƙashin asibiti, jikin ɗakin wanki. Sai ta shafa zakuska, wato markaɗen yalo da tattasai, a burodi, ta jawo tarin rahotannin tiyata gabanta. Aikinmu shi ne ba wa duk abin da likita ya yi wa majiyyaci lambarsa. Shekara ashirin da shida tana yi, jibi za ta yi ritaya. Ni kuwa Sanda, mai tebur kusa da nata, na shekara tara ina ƙyashinta.

Gara in faɗi gaskiya. Zama ɗaya ta ci jarrabawar takardar shaida, ni na faɗi har sau biyu. Likitocin da ko sunana ba su riƙe ba, su ne ke gangarowa suna "Tanti, don Allah duba mini wannan." Littafin ƙa'idojinta ya yi laushi kamar tsumma, amma ba ta ko buɗe shi, duk yana kanta. Ga shi ba ta alfahari balle in samu abin faɗa, wannan ya fi komai ci mini rai.

Bana shugaban sashe ya ce in na sake faɗuwa, teburin yankar kati za a mayar da ni. Na shiga karatu a ɓoye, littafi cikin aljihun tebur, don kada ta gani. Ta gani mana.

Wata Talata ta turo mini rahoto. "Sanda, ba ni lambar wannan."

Na dubi kanun: cire maɗaciya ta 'yar huda, da kyamara. Nan take na rubuta.

"Har kin gama? Kin fi motar asibiti gudu. Karanta layin ƙarshe."

Ashe ana tsakar aiki jini ya ɓalle, likita ya ajiye kyamara ya buɗe cikin gaba ɗaya. Lambar wannan daban take.

"Kanu niyya ce kawai, 'yata," in ji ta. "Tun bai wanke hannu ba ya rubuta shi. Mu abin da hannu ya yi muke ba wa lamba. Ki riƙa farawa daga ƙasa."

"Kina kallo nake ta wannan shirmen, Tanti?"

"Ina gyarawa dai in kin tashi. Ke da gaisuwa ma sai kin ga dama, ta ina zan fara miki?"

Kunya ta kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Haka muka riƙa cinye hutun rana kan tsofaffin rahotanni, tana tsokanata, ina cije leɓe. Ranar jarrabawa a birnin Cluj, kowace tambaya daga ƙasa na faro ta. Na ci.

Ke ce, Tanti, mai ido a layin da kowa ke tsallakewa. Ke ce kika rufa mini asiri ba ki taɓa kai ƙarata ba, alhali ina zumɓura miki baki. Majiyyata dubbai na yawo da tarihin jinyarsu daidai, ba su san akwai ki ba. Na gode. Har yanzu ina kishinki, kada ki zaci ya wuce, don na tambaya an ce makinki ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Ku da kuka iya aiki, ku yi koyi da haƙurinta. Ku kuma irina, da Allah ya haɗa da irinta a ofis, ku yi ta ƙyashi in kun so, amma ku ja kujera kusa da ita da wuri. Ni sai da ya rage mata mako shida na ja tawa.