Fifitar da Ta Kai Ni Sudan

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Kwandiko, ni da jikata mai karatun jinya, ita ce ma ke rubuta muku wannan. Birnin Kudu muka nufa, in ga fuskar Yayata ta kiran bidiyo. Tun ban kai tsayin turmi ba kawunmu ya tafi da ita Makka a ƙasa, tafiyar ta tsaya musu a Sudan. Yanzu an ce jiki ya yi nauyi, wayar garinmu kuwa murya kawai take kawowa, ita ma a tsittsinke.

Gero ya yi kai, raɓa na kwance a kansa. A Sara muka karya da ƙosai, ƙanana kamar an yi wa 'yartsana, kuɗin kuwa na manya. Na yi ta gyangyaɗi a mota, duwatsu na wucewa kamar shanun da suka kwanta tuƙa, ina ta ƙera wa Yaya fuska a raina.

A wurin aikin ɗan wana a Birnin Kudu akwai igiyar intanet, amma kwamfutar jikata ba ta da ramin da za ta shiga. Sai suka sayo wani ɗan mahaɗi mai araha, bai fi dabino ba, gefe ɗaya a kwamfuta, ɗayan ya haɗiye igiyar. Aka soka, shiru. Aka sauya rami, aka sauya igiya, 'yar fitilarsa ko ƙiftawa. Ashe sunan da ke jikin kwalin daban, abin da ke cikinsa daban. Jikata ta sa kwamfutar ta faɗi lambar asalinsa, ta nemo masa manhajar da ta dace ta wayarta. Fitila ta kama, koriya shar.

Aka kira Sudan, fuska ta fara fitowa, sai ɗif. Aka sake, ɗif. Ɗan wana ya taɓa mahaɗin ya ce, “Inna, zafi yake ɗauka, shi ya sa yake yankewa.”

“Yo zafi ne kawai?” Na zaro maficina daga jaka. Ni da na raini 'ya'yan unguwa guda da fifita!

Ina fifitawa, hoton na taruwa kamar ruwan rijiya in ya lafa. Ga wata tsohuwa cikin mayafin Larabawa, da goshin mahaifiyarmu, har da ɗan karkata kan nan nata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Auta, ke ce kika tsufa haka?”

Hannuna ya sage, ban yarda na ba kowa maficin ba. Ta tambayi tsamiyar ƙofar gida, na ce tana nan. An sare ta tuntuni, Allah Ya yafe mini.

Da magariba muka iso gida, mata suka cika tsakar gida suna jiran labari, don sun san bakina. Na buɗe baki, na rasa ta inda zan kama. Ashe akwai labarin da ya fi ƙarfin mai ba da labari. Na ce musu, “Na gan ta. Ta yi dariya.”