Susa da Muciya

Jiya na ga wani yana wanke tankin feshi a bakin rafin Karare, sai kakana ya faɗo mini a rai. Shi ba ya wanka da ruwan rijiya. Kullum cewa yake, "Ni ruwa mai tafiya nake so, ba wanda ya kwana a rami ba."

Wata damina masu feshin ciyawa suka riƙa ɗauraye tankunansu sama da inda yake wanka. Ruwan har wari yake, amma ya shiga abinsa. Kwana biyu ƙuraje suka feso masa a baya, ya dage lafiyarsa ƙalau. Sai kakarmu ta ritsa shi a bayan rumbu, ya zura muciyarta cikin riga yana ta susa, ido a lumshe.

"Malam! Da muciyar tuwona?"

"Dubawa nake ko ta tsage."

"A gadon bayanka?"

Ranar muka ɗora shi a babur sai asibitin Batsari. Likita ya ce maganin feshin ne ya ci masa fata, ya ba shi man shafawa, ya hana shi rafi. Ya warke sarai, amma mu sai da aka sake muciya muka yarda da tuwon gidan.

Allah ya jiƙansa, ya sanyaya masa makwanci.